Hoton da Ba a Dawo Karɓa Ba

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya jikin Baba? Direban da ya kawo saƙonki ya ce an cire masa zaren ɗinki, har ya fara yi wa masu jinya faɗa. Na ce to alhamdu lillahi, sauƙi ya samu ke nan. Ki gaishe shi da kyau, ki gaida Yaya da yaranta. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Auta tana girki, muna ci muna yabawa don kada ta yi zuciya ta daina.

Na san za ki ce me ya hana in faɗa miki wannan magana a waya. Kin san halina, da na ji muryarki sai in ce komai lafiya. Shi ya sa na zauna na rubuta.

An nuna fim ɗin nan ranar Asabar, a ɗakin taron da ke bayan kasuwa. Lokacin da muke ɗaukarsa kin ƙi sauraron labarinsa, kika ce mutum da furfurarsa ya rasa abin yi sai kisan kai na ƙarya. To yanzu dole ki karanta, ba hanyar toshe kunne. Darakta ya yi shi ne kamar ba fim ba. Ya yi shi irin shirin nan na gaskiya da 'yan jarida ke bin mutum da kyamara, hoto yana rawa, ana jin tarin mai ɗauka. Wanda suke bi ni ne, wani dattijo mai gyaran fanka da unguwa ke kira Mai Ladabi, don ba ya wuce kowa bai rusuna ba. Ya kashe mutum tara. Kisan bai dame shi ba, takaicinsa shi ne ba wanda ya lura. 'Yan dako ne da masu gadi da masu neman aiki, ko cigiyarsu ba a yi ba. Da ƙafarsa yake zuwa ofishin 'yan sanda ya ce ya kawo kansa, ɗan sandan da ke bakin tebur ya ce mai karɓar irin wannan magana ya tafi hutu, ya dawo Litinin. Ya dawo Litinin, a ce ba biro. Daga ƙarshe unguwa ta taru ta ba shi lambar yabo ta maƙwabcin kirki.

Mutane sun yi dariya har da masu hawaye. Ni dai ina zaune a baya, ƙugu na ciwo, ina kallon shagona a bango, domin a nan muka ɗauki fiye da rabin fim ɗin, da allon sunan shagon da komai. Darakta ya ce gaskiya ba ta son ado.

Wannan son gaskiya nasa ne ya jawo abin da zan gaya miki. Ya rantse ba zai sa fuskar ɗan wasa a matsayin mamaci ba, wai gobe a gan shi a wani fim yana rawa, asiri ya tonu. Sai mai haɗa kayan wasa ya je wurin tsohon mai hoton nan da ya rufe shagonsa, ya kwaso kwali guda na hotunan da aka ɗauka ba a dawo karɓa ba. Darakta ya juye su a kan teburina, cikin wayoyi da kusoshi, ya ce mai kisa shi ke zaɓen mutanensa. Ina shan shayi ina zaɓa, wallahi kamar mai zaɓen tumatir. Na biyar wani saurayi ne mai manyan kunnuwa, ya sa riga mai kwala da ta yi masa yawa, yana ta ƙoƙarin danne dariya. Shi na fi so. A cikin fim na ɗaga hotonsa gaban kyamara na ce wannan bai wahalar da ni ba, yaron kirki, har godiya ya yi mini da na ba shi ruwa. A nan aka fi dariya.

Yara sun yanko wannan wuri suna ta yawo da shi a waya, ba sunan fim, ba komai. Ranar Talata da hantsi ina naɗa wayar wata fanka sai wata tsohuwa ta yi sallama ta zauna a bencin ƙofa. Na ɗauka gyara ta kawo, amma ba komai a hannunta. Ta jira har na gama. Ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki. Sannan ta ce na biyar ɗin nan ɗanta ne. Wata safiya ya ɗauki rigar marigayi ubansa ya ce zai je a yi masa hoton neman aiki, bai dawo ba. Jaririyar da maƙwabtansu suka haifa a shekarar da ya ɓata, yanzu ta gama sakandare. Ta ce ba faɗa ya kawo ta ba, kuma ba za ta kai ni ko'ina ba, ita ma ta san zaman jiran Litinin, ta yi shi har ta gaji. In gaya mata inda na sa shi kawai.

Maman yara, na yi dariya. Allah ya yafe mini, dariya ce ta fara zuwa, irin wadda ke kubce wa mutum in ya tsorata. Na ce Inna, wasa ne, fim ne, ni ko kaza sai an yanka mini. Ta gyaɗa kai ta ce ta ji. Na ɗauko hoton daga aljihun tebur na ba ta. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce ba ta da hotonsa ko ɗaya, wannan ne na farko da ya taɓa yi a rayuwarsa. Ta naɗe shi a bakin mayafi, ta yi godiya, ta ce sai gobe.

Hannuna ya gaji. Ki kula da kanki, kada ki riƙa kwana a kujerar nan ta asibiti, bayanki ba na yarinya ba ne.

Mijinki,
Baban yara

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na ji an ce ya fara takawa zuwa baranda, madalla. Babban yaronmu ya kira, yana lafiya, ya ce karatu ya yi zafi. Auta ta ƙona tukunyarki ƙarama, ta roƙe ni kada in faɗa, don haka ban faɗa ba.

Tsohuwar nan ta dawo, kuma ba ta fasa ba. Kullum ina buɗe shago tana isowa, ta zauna a benci, ta tafi in rana ta take. Ba ta roƙo, ba ta kuka. Wani lokaci ita ke tsare mini shago in na shiga kasuwa sayen waya, har ta san fankar wa aka gama da ta wa ba a taɓa ba. Sai za ta tashi take yin tambayarta, da murya ƙasa-ƙasa, don kada masu kawo gyara su ji ta tona mini asiri.

Ba irin bayanin da ban yi ba. Na kira mai walda na kusa da ni, wanda ƙafafunsa ne ake gani a fim ana ja cikin buhu, na ce Inna ga gawar nan tana cin gyaɗa. Ya yi mata rantsuwa, ya tuɓe takalmi ya nuna mata ƙafar. Ta ce Allah ya raya shi, ai ita ba ta ce shi aka kashe ba. Na kunna mata fim ɗin tun daga farko, na nuna mata sunayenmu suna hawa a ƙarshe. Ba ta karatu. Ta ce abin da ta sani shi ne, duk shekarun nan ba wanda ya taɓa riƙe fuskar ɗanta ya faɗi yadda ya ƙare sai ni, kuma abin da na faɗa halinsa ne sak, ko ruwa ka ba shi sai ya gode. To ni ina na san haka? A bakina maganar ta zo ranar, Darakta ya ce ta yi daɗi, a bar ta.

Na je wurin tsohon mai hoton ko zai tuna wani abu. Na same shi a ƙofar gida, ido ya tafi, ana ba shi abinci a baki. Ya ce ya ɗauki kunnuwa sun fi dubu, wanne zai tuna.

Jiya kuma 'yarta ta zo, ƙanwar yaron, mace mai hankali, tana aiki a ɗakin shan magani. Ta bari sai da uwar ta tafi. Na tashi zan fara bayani ta ce in zauna, ita ta san fim ne, ta kalla, har ta yi dariya kafin a zo kan yayanta. Abin da ta gaya mini shi ya hana ni cin abinci. Tun ɓatan yaron, uwar ba ta taɓa sa wa ƙofar gida sakata ba, wai kada ya dawo ya tarar a rufe. Kullum da sassafe tana tasha, tana bin motoci tana leƙa taga, tana kwatanta shi da baki, har 'yan tasha sun sa mata suna. Sau biyu mota na bugunta. Sun yi faɗa, sun yi lallashi, sun kai ta asibiti, a banza. Amma tun ranar da ta ga guntun fim ɗin nan ba ta sake taka tasha ba. Ta sa sakata. Tana barci har da minshari, tana cin abinci ta nemi ƙari.

Sai ta ce, Baba, don Allah ka nuna mata wani wuri. Ko'ina ne. Ka ce nan ne, ta yi addu'arta ta huta, ba wanda zai ji. Ta ce uwarta ba ta da sauran shekaru masu yawa, ta fi son ta ƙarasa su a kan gado maimakon ƙarƙashin tayar mota.

Kin ga inda nake. Na shekara talatin ina ƙarya a gaban makirufo da kyamara, na yi ɓarawo, na yi boka, na yi uban da ya kori ɗansa, ban taɓa jin komai ba, don kowa ya san wasa ne. Wannan kuwa so ake in dubi tsohuwa ido da ido, ba kyamara, ba mai cewa a yanke, in ce ni na kashe miki ɗa.

Kada in manta da Darakta. Labari ya kai masa, sai ga shi da mai ɗaukar hoto, ido na ƙyalli, wai wannan shi ne kashi na biyu, Allah ne ya kawo mana. A sa wa tsohuwa makirufo a mayafi, a bi mu har inda zan nuna mata. Ya ce duniya za ta girgiza. Na tambaye shi ko ya kalli fim ɗin da ya yi da kansa, ko kuwa ɗauka kawai ya yi. Bai gane ba, ya ci gaba da lissafin inda rana za ta faɗo. Na ɗaga dutsen gugar da ke hannuna, ba da niyyar komai ba, na ce su fita. Suka fita da gudu har mai ɗauka ya bar hularsa. Ashe su ma sun fara yarda da Mai Ladabi.

Na gaji, Maman yara. Ban taɓa gajiya irin wannan ba, kuma ba aikin da na yi. Ki gaya mini abin da zan yi. Ke ce kika iya raba zare da abawa in kaina ya kulle. Ki ba direba amsa ko layi biyu ne.

Naki har kullum,
Baban yara

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ya mai jiki? Na yi murna da jin za a sallame shi. Ki ce masa ya bi maganar likita, ya bar gishirin nan. Mu muna nan yadda kika sani.

Takardarki ta iso. Layi biyun kuwa kika rubuta. Kika ce, idan yaron yana raye fa, wa ya ba ni ikon binne shi? Na karanta na sake karantawa, ban sami ta inda zan kauce ba. Gaskiya kika faɗa. Ina so ki riƙe wannan kafin ki karanta sauran, don ba laifinki a ciki, ni na yanke kuma ni na yi.

Na lura baki ba zai fid da ita ba, sai ta gani da idonta. Akwai wurin da muka ɗauki binnewar na biyar, bayan tsohon gidan bulon nan da aka daina aiki. Ranar mun cika buhu da dusar katako, muka sa masa tsohuwar rigata mai ruwan ƙasa, wadda kika yi ta nema kina zargin mai wanki. Muka binne, aka ɗauka. Ka'ida a tone a kwashe, amma hadari ya taso, kowa ya rungumi kayansa ya gudu, aka ce gobe. Kin san goben 'yan fim. Buhun yana nan.

Ranar Alhamis na ce mata Inna, tashi mu je. Ba ta tambayi ina ba. Ta aika aka kira 'yarta, ta gyara ɗaurin mayafi. 'Yar ta iso tana haki, ta dube ni da godiya a fuska, don ta ɗauka roƙonta na karɓa. Ban iya haɗa ido da ita ba. Sai da ta ga na ari shebur wurin mai walda fuskarta ta canza. Ta matso ta ce, Baba me za ka yi da wannan? Na ce abin da ya kamata.

Wurin ya yi ciyawa, awaki na kiwo, ga tarin fasassun bulo. Na gane shi da wata tsohuwar taya da muka jingina. Ina cewa nan ne, tsohuwar ta durƙusa ta dafa ƙasar da tafin hannu biyu, a hankali, yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi. Ta kira sunansa. Ta ce masa ta zo, ta yi latti amma ta zo. Da na tsaya a nan, da shi ke nan. 'Yar ta riƙe mini hannun riga tana girgiza kai, hawaye na zuba. Na tsaya, wallahi na tsaya, shebur a hannu, ina jin maganarki a kunne ɗaya, numfashin tsohuwar a ɗayan. Sannan na ce Inna matsa kaɗan.

Ramin ba zurfi, 'yan fim ba sa haƙa abin kirki. Ban daɗe ba shebur ya taɓa buhu. Na jawo shi waje, rigar ta ruɓe, gara ta ci rabinta. Na farka shi da bakin shebur, dusar ta zubo baƙa, jiƙe, tana wari. Na juye shi kaf, na karkaɗe, na ce Inna duba, ba kowa. Ban taɓa ganin ɗanki ba. Hotonsa a kwali na tsince shi, ban san inda ya tafi ba, ban san ko yana raye ko ya mutu ba.

Ta sa hannu cikin dusar tana tonawa, tana murzawa, har gwiwar hannu. Ta ɗaga rigar ta duba kwalarta, ta ce wannan ba ta ubansa ba ce. Sai ta zauna a ƙasa, kai a sunkuye, har na fara tsoron ko wani abu ya same ta. Can ta ɗago, kuma abin da na gani a fuskarta shi ne ba zan manta ba, domin murna ce. Ta ce, ashe yana nan. Ta ce wa 'yarta, kin ji ko, yayanki yana nan, mu muka zauna muka sa sakata. Ta roƙe ni gafara, wai ta zarge ni da abin da ban yi ba, in yafe mata don Allah. Ta miƙe da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta kakkaɓe zani, ta kama hanya tana sauri.

'Yar ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce, Baba ka kyauta wa kanka. Ta bi uwarta da gudu. Ni na tsaya na mai da ƙasa cikin ramin, ban san dalili ba, na dai ga bai kamata a bar shi a buɗe ba.

Tun ranar benci ba kowa. Aiki ya ƙaru ma, mutane na kawo fankar da ba abin da ya same ta don su ɗauki hoto da Mai Ladabi. Ina yi musu murmushi, ina rusunawa. An ce za a kai fim ɗin wata gasa. Na gaya wa Darakta ya cire fuskokin nan tara ko in kai shi ƙara, ya ce zai duba. Sauran takwas ɗin nake tunani yanzu, ko su wa ke da su.

Da na so in rufe takardar a nan. Na kawo ta tasha yau da safe don in ba direba, sai na buɗe na ƙara wannan a kan bonet ɗin motarsa, ki yi haƙuri da rubutun. Tana nan. Na hango ta tana bin motoci, taga bayan taga, 'yan tasha na kiranta da sunan da suka sa mata, wani yaron mota yana jan ta gefe kada a take ta. Da can da baki take kwatance. Yanzu tana da hoto, ni na ba ta. An sa mata shi a leda don kada ya jiƙe.

Na yi niyyar ɓuya bayan mota, ban yi ba. Ta iso kaina, na rusuna na ce Inna ina kwana. Ta amsa da fara'a, ta dube ni sosai, ban ga alamar ta gane ni ba. Ta ɗaga mini hoton ta ce, bawan Allah, ko ka taɓa ganin wannan yaron?

Na ce a'a, Inna. Ta ce ba komai, Allah ya yi maka albarka, ta wuce mota ta gaba.

Direba yana ta hon. Ki gaida Baba. In an sallame shi kada ki ƙara ko kwana ɗaya, ki dawo gida.

Mijinki,
Baban yara